Yaron da ba ya amsa sunansa amma yana rera waƙoƙin talabijin

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, yau dai abin ya cika mini ciki. Ɗana Sadiq shekararsa biyar da wata huɗu. Bara likitan yara ya tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa, bayan zuwa uku aka ce mana otizim gare shi, abin da muke ji ana ce wa galahanga a rediyo. Sai in kira sunansa sau goma, da ƙyar ya waigo sau ɗaya. Bai taɓa ce mini yana jin yunwa ba, hannuna yake kamawa ya ja ni har gaban kular abinci ya ɗora a kan murfin.

Amma a kawo wuta a kunna talabijin, sai ka ce an sake shi. Kiɗan buɗe labarai na tashi zai miƙe tsaye, ya ɗaga dugadugansa, yana kaɗa hannuwa kamar tsuntsu. Waƙoƙin talla kuwa babu wadda bai haddace ba, har inda mai waƙar ke jan numfashi shi ma a nan yake ja. Muryarsa zaƙi gare ta, wallahi.

Yanzu surukata ta ce talabijin ce ta cinye masa baki. Abbansa ya yarda, ya ce ranar Asabar zai ɗauke ta ya kai gidan ƙanensa. Ni kuma a gabanta kaɗai nake jin muryar ɗana. Me za ku ce mini?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya Maman Sadiq ni ina bayan maigidanki. Ɗan yayata tun yana shekara ɗaya aka saba masa da waya, ya kai uku ba ya magana. Da aka ƙwace wayar aka tura shi cikin yaran gida, wata shida ba a yi ba baki ya buɗe. A ɗauke ta kawai, kuka ne zai yi na kwana biyu ya haƙura.

Ummu Hanif:
Kin gwada ruƙiyya kuwa? Yaron da ke waƙa shi kaɗai yana kaɗa hannu, kar a cire shafar aljanu daga lissafi.

Anti Nas:
Baban Ilham, abin da ka faɗa akwai gaskiya a ciki, amma abu biyu ka haɗa a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kar a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Yaron da babu mai yi masa hira sai waya, maganarsa na iya jinkiri, in aka gyara sai ya kamo. Mai yiwuwa ɗan yayarka ke nan. Sadiq kuwa likita ya duba shi har sau uku kafin ya faɗi sunan abin da ke gare shi.

Ga abin da nake so a kai wa kakar Sadiq. Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayanin wannan lalura a rubuce, Leo Kanner, a 1943 ya yi nasa, a birnin Baltimore na Amurka, a kan yara 11. A lokacin gidajen mutane ba su cika da talabijin ba tukuna. Yaro na farko a cikinsu, Donald Triplett, an haife shi a 1933, kuma iyayensa sun shaida wa likitan cewa tun yana shekara ɗaya yake rera waƙoƙi daidai ba kuskure. Ke nan son waƙar ya riga talabijin zuwa. Mutumin nan ya girma, ya yi aiki a banki a garinsu, yana tuƙa motarsa, ya zaga ƙasashe, sai a 2023 ya rasu yana da shekara 89.

Abin da bincike ya fi nunawa shi ne gado na da babban kaso. Tun 1977 aka gani a kan tagwaye a Ingila: masu kama ɗaya sun fi tarayya a cikin lalurar nesa ba kusa ba. Da ita ake haihuwar yaro, alamun ne ke bayyana daga baya.

Abu Muhsin:
To ni abin da na ji, allurar rigakafi ce ke kawo shi.

Anti Nas:
Don Allah kar mu bar wannan ta kwana a zauren nan. Asalin maganar wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto a 1998 a kan yara 12 kacal. An gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, shi kuma aka soke masa lasisin aiki. A Denmak an bi yara sama da 650,000, aka fitar da sakamako a 2019, ba a ga wata alaƙa ba. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, ba mu da uzurin sake faɗawa wannan rami. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne shekarun da ake yin allurar ƙyanda su ne dai shekarun da alamun ke fara fitowa.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ummu Hanif, addu'a ba ta da lokacin da aka hana ta, kowane uba ya tofa wa ɗansa safe da yamma. Amma ina roƙon iyaye da girman Allah, kar a kai yaro irin wannan inda za a danne shi, a rufe shi cikin hayaƙi, ko a sa masa bulala wai ana dukan aljani. Na gani da idona, yaro ya fito yana karkarwa, ko hannun uwarsa ba ya yarda ya taɓa. A yi addu'a a gida, a kuma ci gaba da zuwa asibiti.

Malama Mai Aji Na Musamman:
Maman Sadiq, shekarata 11 ina koyar da yara irin naki, bari in tsaya a kan waƙar nan domin a nan maganar take.

Abin da yake yi, wato ɗauko jimla sukutum daga talabijin yana maimaitawa, sananne ne ga yaran nan. Da yawansu ta nan suke shiga magana. Sauran yara kalma-kalma suke tarawa su gina jimla, su kuwa jimlar suke haɗiyewa gaba ɗaya, daga baya su koyi ɓarzata. Kuma sau da yawa ba banza suke faɗa ba. Na taɓa koyar da wani yaro da kullum in an kusa tashi sai ya ce "a nan muka kawo ƙarshen shirin namu". Malamai suna dariya, ashe cewa yake ya gaji yana son tafiya gida. Ranar da na amsa masa da "to, ɗauko jakarka", kallon da ya yi mini har yau ban manta ba.

Saboda haka ki fara lura: wace waƙa yake yi in yana jin yunwa, wacce in ya ji haushi, wacce in Abbansa ya dawo? Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa na sati biyu.

Sai na biyu, wanda ya fi komai. Laifin ba na talabijin ba ne, laifin a bar shi da ita shi kaɗai ne. Ki shimfiɗa tabarma ki zauna daidai tsayinsa. Ki rera tare da shi. In kun zo kalmar ƙarshe ta baitin, ki yi shiru ki jira. Kar ki ce "faɗa mana", kar ki taɓa shi, ki ƙirga goma a zuciyarki. Zai ji waƙar ta rataye, ba zai iya jurewa ba. Ko ya ƙarasa, ko ya dubi bakinki ya ga me ya tsayar da ke. Wannan duban shi muke nema. Daga nan sai ki fara sauya kalmomi: ki ɗauki karin waƙar da ya fi so ki sa mata kalmomin wanka, na cin tuwo, na sa takalmi.

A rage lokacin kallo, na yarda. A sa mata ƙa'ida, bayan la'asar zuwa kafin magariba misali, kullum lokaci ɗaya. Amma a wayi gari a ga babu ita kwata-kwata, yaron da ransa ke rataye da tsarin da ya saba, ba kukan kwana biyu ba ne. Wani har abinci yake dainawa.

Baban Ilham:
Malama na ji, kuma na janye rabin maganata. Amma ina tsoron kar a ce waƙa magani ce, mutane su bar asibiti.

Anti Nas:
Tsoronka na kan hanya. An yi babban gwaji a ƙasashe 9 da yara 364, aka wallafa a 2017, ba a ga jinya da kiɗa ta rage nauyin alamun fiye da kulawar da aka saba ba. Don haka ba magani ba ce. Abin da Malama ke nufi, hanya ce ta isa wajen yaron.

Mai Gyaran Rediyo:
Salamu alaikum. Ban saba rubutu mai tsawo a cikin mutane ba, amma wannan maganar tawa ce. Shekarata 34. Ina da 29 likita ya ce mini irin nawa shi ne wanda a da ake kira Asperger.

Ni na yi magana da wuri, har cewa ake na fiye manyance. Matsalata ban san lokacin da ake shiga magana da lokacin da ake fita ba. Ban gane ba'a. In aka ce mini "ka ci kai", sai in tsaya ina tunanin kan. A makaranta sunana gaula, a gida sunana miskili. Abin da ya cece ni rediyon mahaifina ne da wasannin kwaikwayo na talabijin. A can mutane suna gaisawa kullum iri ɗaya, ana tambaya ana amsawa, ba wanda zai tsawata mini in na ƙura musu ido. Na riƙa haddace yadda ake gaida surukai, yadda ake ta'aziyya, yadda ake neman ragi a kasuwa. Har yau in zan je gaisuwar mutuwa, a hanya nake bitar kalmomin.

Kawuna ya taɓa kulle rediyon a akwati wata guda wai don in shiga mutane. Ban shiga mutane ba. Bayan ɗaki na koma ina zama.

Ina ɗan shekara ashirin da wani abu na kalli fim ɗin Sharukhan na 2010, My Name Is Khan, wanda jarumin ke da Asperger. Ba komai nasa ne irin nawa ba, ni launin ɗorawa ba ya damuna. Amma yadda yake kauce wa ido, da yadda ƙara ke gigita shi, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ranar na fara sanin cewa abin yana da suna, kuma ba ni kaɗai ba ne.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri Yaya. Na karanta sau uku ina hawaye. Don Allah in tambaye ka: Sadiq yana son waƙa haka, amma in muka je biki aka kunna lasifika sai ya toshe kunne yana ihu yana birgima. Mutane su ce ai ga shi nan, iskokai ne. Me ke faruwa?

Mai Gyaran Rediyo:
Ƙanwata, waƙar gida ya san farkonta ya san ƙarshenta, ya san abin da zai zo bayan kowane baiti. Ta biki kuwa daga sama take faɗo masa, ga guɗa, ga turare goma, ga masu ja masa kumatu. Ni a wurin biki ina jin ƙarar janareta da cokula da hirar mutum ashirin duk da ƙarfi ɗaya, kunnena ba ya tace ko ɗaya. Zafi ne na gaske, kamar a haska maka fitilar mota a ido. Ki samo masa abin toshe kunne irin na masu aikin injin, ki zauna da shi kusa da ƙofa, in ya fara kaɗa jiki da sauri ku fita kafin ya kai ga ihu. Kaɗa hannun da yake yi kuma kar a riƙe masa, da shi yake kwantar da kansa.

Zee:
Wai Asperger ɗin da otizim ba ɗaya ba ne? Na ruɗe.

Anti Nas:
Hans Asperger likitan yara ne a Biyana ta Ostiriya, a 1944 ya yi rubutu a kan yara masu magana sosai amma mu'amala na ba su wuya. Wata likita 'yar Ingila, Lorna Wing, wadda ita ma 'yarta na da otizim, ita ta fito da sunan fili a 1981. A 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, sabon kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 shi ma haka ya yi. Yanzu ana duban yawan taimakon da mutum ke buƙata ne. Wasu kuma sun guji sunan tun da masana tarihi suka fito da shaidar cewa Asperger ya yi aiki da gwamnatin 'yan Nazi. Waɗanda aka ba sunan tun farko da yawa suna riƙe da abinsu, ba laifi ba ne.

Zee:
Allah sarki. Ai na ji duk masu baiwa ne. Ga Susan Boyle da ta girgiza gasar waƙa ta Birtaniya a 2009, daga baya ta ce Asperger gare ta. Ga makahon matashin nan Kodi Lee da ya ci ta Amurka a 2019. Maman Sadiq ki kwantar da hankali, ƙila babban mawaƙi kika haifa.

Maman 'Yan Biyu:
Zee na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma maganar nan tana yi mini ciwo. 'Yata shekararta 14. Ba ta waƙa, ba ta lissafi, ba ta zane. Har yau ni nake yi mata wanka, kuma tun da ta fara al'ada barcina ya ragu, saboda ba za ta iya faɗa mini in wani ya taɓa ta ba. Duk wanda ya ji lalurarta sai ya ce "to mece ce baiwarta?" kamar sai ta biya kuɗin zamanta a duniya da wani abin mamaki. Talabijin masu baiwa take nunawa domin su ake son kallo. Irin 'yata ba mai ɗaukarsu.

Ita ma tana da abin da take so. Karatun Minshawi wanda yara ke maimaitawa bayansa, in na kunna mata sai ta kwantar da kanta a cinyata ta yi lamo. Ba ta maimaita ko harafi ɗaya. Ni hakan ya ishe ni.

Zee:
Ki yafe mini Anti, ban yi tunani ta nan ba.

Maman 'Yan Biyu:
Babu komai ƙanwata. Sannan kalmar galahangar nan ni ba na son ta. A unguwarmu zagi ce, kuma da ita ake kiran kowane yaro da ya bambanta, ko wace iri ce lalurarsa.

Ɗan Damagaram:
Mu a nan ma ba mu da wani suna tsayayye, wasu su ce taɓin hankali, wasu su ce ɗan ruwa. Ɗan ƙanena sai da muka kai shi Yamai kafin mu ji sunan abin. Ni dai ina ganin gara galahangar da babu, aƙalla in ka faɗa tsohuwa ta san lalura ce ba rashin tarbiyya ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Ni an kira ni da ita ina yaro, ba daɗi. Na fi son a ce mai otizim.

Abu Muhsin:
Malam, ba a taɓo hukuncin kiɗan ba fa. Wasu gidajen ba sa saurare.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ba a zauren nan za mu ƙare shi ba, kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Gidan da ba sa sauraren kiɗa ba su rasa komai ba: ga ƙira'a, ga ƙasidu, ga waƙoƙin Islamiyya, ga waƙoƙin reno da na daɓe da iyayenmu mata ke yi da baki da tafi. Dabarar da Malama ta kawo ta tsayawa kafin kalmar ƙarshe, ai da ita muke biya wa yara allo tun kaka da kakanni.

Shugabar Zaure:
Na goge saƙon wanda ya sa lambar waya yana tallar maganin da wai ke warkar da otizim cikin kwana 40. Babu irin wannan magani, kuma wanda ya sake zan fitar da shi. Masu tambaya ta bayan fage ina za su je: ku fara da sashen yara na asibitin koyarwa mafi kusa, kamar na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Ku nemi a gwada jin yaron tukuna, domin kurumta ma na hana amsa suna. Wanda makaranta ta kore masa yaro saboda lalura ya sani akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, an sa mata hannu a Janairun 2019. Ranar 2 ga Afrilu kuma, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 domin wayar da kai kan otizim, za mu buɗe zauren ga iyaye maza su yi magana, don mun lura sun fi yin shiru.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Na ba Abban Sadiq wayata ya karanta komai da kansa, ya daɗe a kan saƙon Yaya Mai Gyaran Rediyo, wurin akwatin nan. Bai ce komai ba, amma Asabar ta zo ta wuce talabijin tana nan. Mun sa mata lokaci, in an gama sai mu lulluɓe ta da zani tare da Sadiq. Kwana uku na farko an sha kuka. Hajiya har yanzu ba ta gamsu ba, amma ta ce a bar ni in gwada.

Malama, na yi abin da kika ce. Kwana shida ina tsayawa kafin kalmar ƙarshe, shi kuwa sai ya ƙarasa abinsa yana kallon bango. Jiya da daddare babu wuta, muna tsakar gida ina ba shi tuwo, sai na ɗauko waƙar tallar da ya fi so na rera a hankali, na tsaya. Na ƙirga har takwas. Sai ya juyo, ya sa yatsunsa biyu masu miya a kan leɓena yana turawa, yana kallon cikin idona. Na ƙi buɗe baki. Sai ya faɗi kalmar, ya kuma tura leɓen wai in ci gaba. Sau bakwai muka yi. Abbansa na zaune da buta zai yi alwala, ruwan har ya ƙare a ƙasa bai sani ba.

Yanzu tambayata, in ana cikin kallo aka ɗauke wuta ba zato, a nan ne ya fi buga kansa da bango. Ya zan yi da wannan?

Malama Mai Aji Na Musamman:
Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara buɗi. Ki ɗauki waƙoƙi uku da ya fi so a wayarki ki ajiye ta da caji kusa da ke. Wuta na ɗaukewa ki faɗi jimla ɗaya, kullum ita ba sauyi, "wuta ta tafi, saura waƙar Mama", sai ki kama daga daidai inda aka yanke. Ki jingina filo a bangon da ya saba bugawa. Ki kuma rubuta sau nawa ya yi a sati, ki tafi da littafin ranar ganin likita.